Kifi mai sulke: kurakuran da masu kiwonsa a Kano suka fi yi

"Alhaji, haɗa da wannan, shi zai riƙa share maka gilashi." Da wannan magana masu sayar da kifin ado suke tura wa mutum fuleko, kuma daga nan kuskure yake farawa. Kifin dangin tarwada ne da ƙurungu, amma gidansa kogunan Amurka ta Kudu ne, musamman yankin Amazon. Jikinsa a rufe yake da faifayen ƙashi jere-jere, kamar ɗan sulke ranar hawan daushe, bakinsa kuma a ƙasa yake, da shi yake manne wa dutse ko icce a cikin ruwa mai gudu.

Yunwa ce ta fi kashe shi a gidajenmu. Mutane sun ɗauka gansakukar jikin gilashi ta ishe shi, wasu ma cewa suke kashin sauran kifaye yake ci. Ba ya ci. Nawa na farko haka na rasa shi. Wata safiya na gan shi manne a gilashi, ciki ya lotsa, idanu sun faɗa, ban gane yunwa ba ce sai da ya mutu, kuma abin yana damuna har yau. Kifin dare ne, don haka sai bayan isha'i, an kashe fitilar akwatin kifin, a jefa masa abincin da ke nutsewa. A yanka masa kokwamba ko kabewa, a soka a cokali don ta zauna a ƙasa, da safe a cire ragowar kafin ta ɓata ruwa. A sa masa guntun icce da aka dafa sosai, da tsaftatacciyar tukunyar ƙasa da zai ɓuya da rana, domin a kogi ma ƙarƙashin saiwoyi yake wuni.

Sai maganar girma. Ɗan yatsa ake sayowa, amma irin da ya fi yawa a kasuwa yakan kai santimita 40 zuwa 50, ya kuma rayu fiye da shekara 10. Mai ƙaramin akwati ya nemi irin mai ƙasumba a hanci, wanda ba ya wuce santimita 15.

Ruwan da yake so shi ne mai ɗumin digiri 23 zuwa 28. Daren hunturu a Disamba da Janairu yakan yi ƙasa da haka sosai, don haka a sa na'urar ɗumama ruwa, a janye akwatin daga bakin taga. In an ɗauke wuta, a lulluɓe shi da bargo. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ake canzawa a mako, kada a juye duka. Kada a kama shi da raga, ƙayoyinsa harɗewa suke yi. Kwanon roba ya fi.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mutumin da kifin ya yi masa girma, ya ɗauka ya kai kududdufi ko kogi, yana ganin tausayi ya yi. Wannan kifi yana haɗiyar iska, don haka ruwa mai ƙarancin iska da zai kashe karfasa shi bai dame shi ba. Namijin yakan haƙa rami a gaɓa don ƙwai, in ramukan suka yi yawa gaɓar ta zabtare. Sulkensa ya sa kaɗan ne ke iya cin sa. Haka ya cika Kogin Marikina a Filifin. A madatsar Infiernillo ta Meziko masunta har shaiɗanin kifi suke kiransa, saboda yana yaga musu koma, karfasar da suke rayuwa a kanta kuma ta ragu. Ruwanmu ɗumi gare shi kusan duk shekara, kuma Tiga da Challawa suna zuba ne cikin Kogin Haɗeja, inda masunta da yawa ke cin abinci. In ya fi ƙarfinka, ka mayar wa wanda ya sayar maka, ko ka ba mai babban akwati.