Yadda ake gano abin da ya hana sabar ajiya ta gida tashi

Na sha ganin wanda ya haɗa sabar ajiya a gida, wato kwamfutar da ke adana fayiloli don sauran na'urori, ya ɗaura faifai shida ko takwas, ya jera wayoyi tsaf, ya ɗaure su, ya rufe akwati, sannan ya danna maɓalli a karon farko. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Daga nan sai zargi ya tashi: madabod ce, wato babban farantin da komai ke jonuwa a kai, a'a firosesa ce, a'a katin nan ne da aka sayo na hannu. Wani har ya mayar wa mai kaya abin da lafiyarsa ƙalau. Tun wajen haɗawa aka yi kuskuren. In ka jona abu goma sha biyar lokaci guda ta ƙi tashi, abu goma sha biyar kake tuhuma, kuma ba ka da hanyar wanke ko ɗaya. Don haka dokata ɗaya ce: a tashe ta da mafi ƙarancin kaya, sannan a riƙa ƙara abu ɗaya ana kunnawa.

Fara da cire komai

Fito da madabod daga akwatin ƙarfe ka aza ta a kan kwalinta. Ina nufin hakan, kada ka ce ai ka riga ka ɗaure. Ƙusar da ke tallafe madabod in ta zauna inda babu rami takan taɓa bayanta ta haɗa wuta, ba za ka taɓa gani ba sai ka ciro. Bar firosesa da abin sanyaya ta, RAM guda ɗaya, da akwatin wuta. Faifai ko ɗaya kada ya kasance a jone, haka katin HBA, wato katin da ke ƙara ramukan jona faifai. Ba ka buƙatar maɓallin akwati, taɓa fil biyu na kunnawa da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya ya isa.

Wayar wuta biyu ce ke shiga madabod: babba mai fil 24, da ƙarama mai fil 8 da ke can sama kusa da firosesa. Wannan ƙaramar ita ake mantawa, kuma in babu ita fanka na iya juyawa amma komai ba zai fito ba. Duba kuma ka tabbatar wadda aka rubuta wa CPU ce, mai rabuwa huɗu da huɗu, domin ta katin hoto mai rabuwa shida da biyu kamar tagwaye suke a ido. RAM kuwa danna ta har sai ka ji ƙas, a gurbin da littafin madabod ya ce a fara da shi, wanda a yawancin masu gurbi huɗu shi ne na biyu daga firosesa.

Sai ka jira. Mutane na kashewa bayan daƙiƙa ashirin su ce ba ta tashi ba. Madabod mai RAM irin DDR5 takan ɗauki 'yan mintuna a tashin farko tana gwada RAM, irin ta saba mai IPMI (tsarin sarrafa ta daga nesa) kuwa, kamar na Supermicro, ƙaramar kwamfutar da ke cikinta ce ke fara tashi kafin babbar ta motsa. Ba ta minti biyar cur. In tana da fitilu huɗu masu suna CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. In babu, ka sayi 'yar ƙaramar lasifikar nan mai fil huɗu, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ƙarar da take yi ma bayani ce.

Abu biyu ka duba kafin ka yanke wa madabod hukunci. Firosesar Intel da lambarta ta ƙare da F ba ta da sashen hoto, haka yawancin Ryzen na kafin jerin 7000 in babu G a ƙarshen lambar. Ramin HDMI na madabod ba zai ba ka komai ba da irinsu, sai ka ari katin hoto. Na biyu, tsohuwar madabod da sabuwar firosesa, misali B450 da Ryzen 5000, sai an sabunta BIOS, ƙaramar manhajar da ke cikin madabod. In kayan na hannu ne, cire batirin CR2032 na minti ɗaya wuta a kashe, saitin mai shi na da ya goge.

Ɗora babbar manhaja da faifai ɗaya tak

Da ka ga BIOS, jona ƙaramin SSD da za ta riƙa tashi daga shi, shi kaɗai. Kada ka yi instolin faifan ajiya na jone. Mai ɗora manhajar na iya ajiye GRUB, wanda ke tayar da babbar manhajar, a kan wani faifan daban, ranar da ka cire wannan faifan sabar ta daina tashi ba ka san dalili ba. Mafi muni, ka zaɓi faifan da ba shi ba a goge maka shi. TrueNAS dai, ɗaya daga cikin manhajojin sabar ajiya, cinye faifan tashi yake gaba ɗaya, yana son aƙalla gigabayit 16 da RAM gigabayit 8, kuma kada ka ɗora shi a filas don tsimi, yawan rubutu na kashe filas da wuri. Wata manhajar mai suna Unraid ce aka gina don tashi daga filas.

A BIOS zaɓi UEFI, sabon tsarin tashi, ka tsaya a kai. Wanda ya yi instolin ta tsohon tsari na CSM sannan ya kashe CSM, faifan zai ɓace daga jerin tashi ko da yake yana nan lafiya. Mayar da yanayin SATA zuwa AHCI, kashe RAID na madabod da Intel VMD, su ne ke ɓoye SSD irin NVMe. In filas ɗin instolin ya ƙi, kashe Secure Boot ka sake gwadawa. Kashe ka kunna sau uku. Ta tashi duk ukun? To yanzu ka san jikinta lafiya, duk abin da ya biyo baya daga abin da ka ƙara ne.

Faifan ajiya, inda aka fi shan wahala

Nan na fi so ka natsu, don nan ne na taɓa kwana uku ina neman laifi inda babu shi. Na ciro faifai huɗu daga akwatunansu na USB, kamar yadda masu neman rangwame ke yi. A cikin akwatin USB kowanne na aiki sumul. A cikin saba ko motsi ba sa yi. Na sauya wayar bayanai, na sauya rami, na ɗauka katin HBA ne ya mutu. Abin da ya kamata in yi tun daren farko shi ne in ɗora yatsa a bayan faifan lokacin kunnawa. Faifai mai juyawa yana da ɗan kaɗawa da za ka ji a fatar yatsa, da siririn kukan da ke hawa sama. Nawa shiru, sanyi ƙalau. Faifan da bai juya ba matsalarsa ta wuta ce, wayar bayanai ba ruwanta.

Ga abin da ke faruwa. Bakin wutar SATA fil 15 gare shi, uku na farko asali na bolt 3.3 ne, wanda manyan faifai ba sa amfani da shi. A ƙa'idar SATA 3.3 ta shekarar 2016 sai aka ba fil na uku sabon aiki: in wuta ta shiga ta nan, faifan ya ɗauka an umarce shi ya kashe kansa. An yi haka ne don manyan cibiyoyin bayanai su iya kashe faifai su kunna daga nesa. Akwatin wuta na kwamfutar gida kuwa kullum yana tura bolt 3.3 ta wannan fil, faifan sai ya zauna yana bin umarni har abada.

Maganin ɗan salatif ne. Nemo irin mai jure zafi, Kapton, ruwan zuma mai sheƙi. Kifa faifan, ka ga baki biyu: gajere na bayanai mai fil 7, dogo na wuta. Ƙirga daga gefen da ke maƙwabtaka da gajeren, na uku shi ne. Rufe shi kaɗai aiki ne na mai haƙuri da tsinken cire gashi, ni ukun farko nake rufewa gaba ɗaya, faifan inci 3.5 bai damu ba. Kawai ka kula kada salatif ya hau na huɗu, ka kuma lanƙwasa ragowar ta ƙarshen bakin don kada ya zame lokacin turawa. Salatif ɗin masu wayarin mai kauri ne, yana narkewa ya bar danƙo, ban yarda da shi ba. Wasu na amfani da wayar da ke juya Molex, tsohon bakin wuta mai fil huɗu, zuwa SATA tunda ba ta ɗauke da bolt 3.3. Tana aiki, amma masu arha da aka zuba musu roba a kai sun yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta. A na'urar da za ta kwana a kunne kana barci, ba na sa su.

Matsala ta biyu ita ce nauyin tashi. Faifai mai inci 3.5 in yana zaune yana aiki bai wuce wat biyar zuwa tara ba, amma a 'yan daƙiƙun farko da yake tayar da injinsa yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12, wato wajen wat 25. Takwas a lokaci guda sun kai wat 200, ga firosesa ita ma tana ja. Alamarta ba ta ɓuya: sabar ta tashi lafiya da faifai uku, ka sa na biyar sai ta kunna ta mutu ta sake kunnawa, ko ka ji ƙas-ƙas, ko yau faifai biyar su bayyana gobe huɗu. Kafin ka sayi babban akwatin wuta, raba nauyin. Kada waya ɗaya ta ɗauki fiye da faifai huɗu, kuma kada ka jona mai raba baki a kan wata mai raba baki. In katin HBA naka na iya tayar da faifan ɗaya bayan ɗaya, kunna wannan saitin.

Akwai kuma wanda ba ya gyaruwa. In wayoyin akwatin wutarka masu cirewa ne, kada ka taɓa aro waya daga wani akwatin, ko da kamfani ɗaya ne, ko da ta shiga daram. Tsarin fil a ɓangaren akwatin ba iri ɗaya ba ne. Bolt 12 ya bi hanyar bolt 5, duk faifan da ke kan wayar ya ƙone cikin ƙiftawar ido.

In faifai na juyawa amma BIOS bai gan shi ba, buɗe littafin madabod. A da yawa, sa SSD a wani gurbin M.2 na kashe ramin SATA ɗaya ko biyu, an rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan shafi.

Katin HBA

Sa shi ba faifai tukuna, ka kunna. Irin su LSI 9211-8i ana son su a yanayin IT, wato ba RAID, don tsarin ajiya na ZFS na buƙatar ganin faifai kai tsaye. In da sa shi allo ya ɗauke, wataƙila madabod ta ɗauka katin hoto ne, sai ka saita mata ta fara da hoton cikin firosesa. Wasu katunan Dell kamar H310 na hana madabod ɗin gida tashi ko su ɓatar da rabin RAM, maganinsu ma salatif ne a kan fil B5 da B6. Wayar SFF-8087 mai rabuwa huɗu kuwa iri biyu ce, mai fita daga kati zuwa faifai da mai komowa, kamarsu ɗaya amma mai komowar ba za ta nuna maka ko faifai guda ba. Karanta rubutun talla da kyau kafin ka biya. Ka kuma ɗaura wa katin ƙaramar fanka, an yi shi ne don akwati mai iska kamar guguwa.

Ta ga faifai amma ta ƙi shiga manhaja

Wannan mai sauƙi ne. Ƙara faifai na sa BIOS ya sauya jerin tashi, sai ya nemi manhaja a faifan da babu komai. Mayar da SSD kan gaba, sauran ka kashe su daga jerin baki ɗaya.

In Linux ya fara tashi, ya tsaya yana ƙirga daƙiƙa 90, sannan ya jefa ka yanayin gaggawa, fayil ɗin /etc/fstab ne. Sunaye irin /dev/sdb ba su da tabbas, wanda ya riga amsawa shi ke karɓe suna. Buga blkid, kwafi UUID, wato lambar shaidar da ba ta sauyawa, na kowane faifai ka sa a madadinsu, ka ƙara nofail a layin faifan ajiya don mutuwar ɗaya kada ta tsayar da sabar. Ka sani dai in faifan bai hau ba, manhajojinka za su ci gaba da rubutu a babban fayil ɗin da ya kamata ya hau har su cika SSD. In Linux ya hana ka gyara fstab, buga mount -o remount,rw / tukuna. Mai ZFS ya shigo da tarin faifansa ta /dev/disk/by-id. Abin da ya rage journalctl -xb zai faɗa maka.

Daga ƙarshe cire allo da kibod ka kunna, tunda haka za ta zauna. Wasu madabod na tsayawa suna jiran a danna F1, kashe wannan jiran a BIOS, ka kuma saita ta ta kunna kanta in wuta ta ɗauke ta dawo. Bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM kafin ka zuba mata fayil ko ɗaya, sannan ka rubuta lambar kowane faifai a takarda ka manna a gefensa, ka rufe akwati.