Yadda Ake Gane Nau'o'in Jar Ciyawar Teku a Gaɓar Wales da Ayilan

Abin da ya fi ruɗa sabon shiga shi ne launi. Ana ce mata ja, amma a kan dutse za ka gan ta shunayya, ko ruwan hoda, ko baƙa ƙirin, wata ma rana ta kore mata launi ta koma fari-fari. Jan nata daga wani sinadari yake da ake kira phycoerythrin, wanda ke ba ta damar amfani da shuɗin hasken da ke ratsawa cikin zurfin ruwa. Don haka ka ajiye launi gefe, ka dubi siffa da wurin da ta tsiro.

Da farko, zaɓi rana. Ruwa ya fi janyewa a kwanakin tsayuwar sabon wata da cikarsa, kusan bayan kowane mako biyu. Duba jadawalin cikowa da janyewar ruwa, ka isa gaɓa awa guda kafin ya gama janyewa. Sa takalmi mai riƙo, ka ɗauki almakashi da madubin ƙara girma.

Na biyu, fara daga sama. A kan duwatsun da ruwa ke fara bari za ka tarar da wata mai laushi, siririya kamar leda, manne da dutse: Porphyra ke nan. Ɗaga ta wajen rana, haske zai ratsa ta, domin kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ce tal. Mutanen Wales na dafa ta awanni har ta zama kamar kunu, su ci da garin alkamar oat. A 1949 ne masaniya Kathleen Drew-Baker ta gano cewa wani mataki na rayuwarta yana ɓoye ne cikin ɓawon dodon koɗi na teku, kuma wannan ne ya ceto noman nori, wato irin wannan ciyawa da ake ci, a Jafan.

Na uku, sunkuya kan ƙananan kududdufan da ke cikin duwatsu. A nan za ka fi daɗewa. Mai ruwan hoda, mai gaɓa-gaɓa kamar ƙashin kifi, mai tauri idan ka murza, ita ce Corallina. Jikinta alli ne. Ɗiga mata ruwan khal ka ga ƙananan kumfa na tashi. Abin da ka ɗauka fenti ne aka shafa wa dutsen, shi ma jar ciyawa ce mai rai, tana shimfiɗuwa ne kawai ba ta miƙewa.

Na huɗu, gangara ƙasa. Mai rassa bibbiyu kamar mafici ita ce Chondrus crispus; a cikin ruwa bakin rassanta na sheƙi shuɗi. Daga ita ake samun carrageenan mai kauraya ayis kirim. Tana da 'yar uwa, Mastocarpus, amma ita ganyenta a naɗe yake kamar indararo, da ƙuraje a jiki. Can bakin ruwa kuma, mai faɗi kamar tafin hannu da yatsu, sau da yawa a kan karan babbar ciyawa mai ruwan ƙasa, ita ce Palmaria palmata, wadda mutanen Ayilan ke shanyawa su tauna.

In za ka ɗiba, yanka da almakashi, ka bar gindin da ya riƙe dutse don ta sake tohowa. Kuma ka riƙa waiwayar teku, domin ruwan kan zagayo ta bayanka ya cika ramuka kafin ya iso gabanka.