Idan malami ya rasu a zangon Kumasi: daga wanka zuwa sadakar uku

Abin da ke jinkirta jana'iza a Kumasi yawanci takarda ce, ba haƙar kabari ba. Saboda haka da zarar an tabbatar da rasuwa, a raba aiki tsakanin mutum uku: ɗaya ya bi takarda, ɗaya ya nufi maƙabarta, ɗaya ya zauna da iyali yana riƙe da waya.

Wanda ya cika a asibiti, kamar Komfo Anokye, likita ne zai rubuta takardar dalilin mutuwa. Da ita ake zuwa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a karɓo izinin binnewa. A tafi da katin Gana na mamaci, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a duba cewa sunan da likita ya rubuta shi ne ke kan katin. Malaman zango da yawa an san su da laƙabi, kuma "Malam Babba" a takarda ɗaya, sunan yanka a ɗaya, ya isa ya mayar da jana'izar azahar zuwa gobe. In kuwa a gida ya rasu farat ɗaya ba tare da likita na duba shi ba, sai an sanar da 'yan sanda. Kada a yi sanarwar lokaci a masallatan unguwannin Aboabo da Asawase kafin takarda ta zo hannu.

Wanka aikin maza biyu ne ko uku masu riƙe sirri. A rufe al'aura, a matsa ciki a hankali, a yi masa alwala, sannan a wanke ɓangaren dama kafin hagu. Sau uku ake yi, ko biyar in da buƙata. Ruwan farko da ganyen magarya ko sabulu, na ƙarshe da kafur. Likkafani farin ƙyalle ne, falle uku sun wadatar, ko da yake malaman Malikiyya sun fi son biyar, da riga da rawani. Kowane falle ya zarce tsawonsa da kamu ɗaya ta kai da ta ƙafa, don a samu wurin ɗauri. Sallar jana'iza kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada.

A maƙabartar Tafo, da damina, a duba ramin kafin makara ta iso, domin ruwa kan taru a ciki. A tanadi bokiti da katakon rufi tun da wuri. Ana kwantar da shi a kan hannun dama yana fuskantar alƙibla, a kwance ɗaurin likkafani.

Zaman makoki kwana uku ne. Matarsa ce kaɗai ke takaba, wata 4 da kwana 10, ko har ta haihu in tana da ciki. Maƙwabta ne ya kamata su kai koko da ƙosai da waakye (shinkafa da wake) gidan, ba a bar marayu suna cin bashin rumfa da kujeru ba. Mai gaisuwa ya ce "Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri," ya ɗan zauna, ya tashi. Tambayar "me ya same shi?" ba ta da amfani ga kowa. Gudummawa kuma, ko ta hannu ko ta MoMo (tura kuɗi ta waya), mutum ɗaya ya riƙe, ya rubuta a littafi. Kan addu'ar uku da bakwai da arba'in, 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna sun saɓa; a bi abin da mamacin ya rayu a kai, a bar gardama a ƙofar gida.

Kafin a taɓa gado, a fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Malami yakan riƙe ajiyar mutane: takardun fili, kuɗin adashe, littafin aro. A ware su gefe, a yi shela a wurin sadakar uku cewa mai ajiya ko mai bin bashi ya zo da shaida. A karɓo takardar shaidar mutuwa ma, don banki da SSNIT, hukumar fansho ta Gana, za su nema. Makarantarsa kuwa, a naɗa babban almajiri ya ci gaba da biya wa yara allo tun ranar huɗu, kafin iyaye su fara kwashe 'ya'yansu.