Yadda Za Ka Binciki Rajistar Kamfani Kafin Ka Saki Kuɗinka

Takardar shaidar rajista da aka rataye a bangon ofis, ko wadda aka turo maka hotonta ta WhatsApp, ba ta isa hujja ba. Yaron da ya iya kwamfuta zai haɗa irinta kafin shayi ya huce. Inda ake duba gaskiyar magana shi ne rumbun bayanan hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, wato CAC, wadda dokar kamfanoni ta 1990 ta kafa, take kuma aiki yanzu da sabuwar dokar 2020. Matakin farko na binciken kyauta ne, da wayarka ma za ka yi shi.

Ka fara karɓar abu biyu daga mai kamfanin: cikakken sunan kamar yadda aka rubuta shi a takarda, da lambar rajista. Haruffan da ke farkon lambar su ma bayani ne. RC na kamfani ne. BN na sunan kasuwanci ne, irin wanda mai shago ko mai POS kan yi. IT na ƙungiyoyi ne masu amintattu, kamar masallaci, gidauniya ko ƙungiyar ci gaban gari. Bambancin na biyun farko yana da nauyi ranar da aka samu saɓani. Mai sunan kasuwanci da kasuwancinsa abu ɗaya ne a idon doka, bashin shagon bashinsa ne. Kamfani mai "Limited" a ƙarshen suna kuwa doka tana ɗaukarsa mai zaman kansa, shi ake kai ƙara, kuma a mafi yawan lokuta ba za ka bi gidan darakta ko motarsa ba.

Shiga cac.gov.ng, ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da wanda kake bincika ya turo maka. Nemi wurin da aka rubuta Public Search, ka sa sunan ko lambar. Zai fito maka da suna, lamba, ranar rajista da matsayin kamfanin.

A nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Sunayenmu kowa da yadda yake rubuta su da boko: Alheri, Alkhairi, Alhairi; Muhammad, Mohammed, Muhammadu. Harafi ɗaya ya kauce, sai na'ura ta ce ba ta san shi ba, ko ta kawo maka wani kamfanin da ba shi kake nema ba. Idan suna bai fito ba, ka rage shi zuwa kalma ɗaya ko biyu na farko, ka cire su "Nig." da "Ltd", sannan ka gwada da lamba. Dole suna da lamba su kai ka wuri guda. In lambar ta fito da wani suna daban, ko dai kamfanin ya taɓa sauya suna, wanda akwai takardar shaidarsa da za su iya nuna maka, ko kuma aron lambar wani aka yi. Ka dubi ranar rajista ma. Wanda ya ce shekara ashirin yana harkar amma rajistarsa ta bara ce, yana da bayanin da zai yi.

Sai matsayi. ACTIVE na nufin kamfanin yana miƙa rahoton shekara-shekara da doka ta wajabta. INACTIVE na nufin an bar rahoton ya taru. Wannan shi kaɗai ba shaidar damfara ba ne. 'Yan kasuwa da yawa na kirki sun ɗauka da an karɓi satifiket an gama, ba su san mai sunan kasuwanci zai miƙa rahoto kafin ƙarshen watan Yuni na kowace shekara ba, kamfani kuma cikin kwana 42 bayan babban taronsa na shekara. Gyaran shi ne a cike na duk shekarun da aka tsallake, a biya kuɗinsu da tarar jinkiri. Amma in kwangila mai nauyi ce, ka ce a gyara tukuna kafin kafin-alƙalami ya fita daga hannunka, domin hukumar tana da ikon soke sunan kamfanin da ya shekara goma bai bi ƙa'ida ba.

Binciken kyauta iyakarsa ke nan. Wanda ke son sanin daraktoci, masu hannun jari da adireshin da aka yi rajista da shi, sai ya biya a fitar masa da cikakken rahoton matsayin kamfanin, wanda ake kira Status Report. Ana nemansa ta shafin hukumar, lauya ko akantan da hukumar ta amince da shi kuma zai iya yi maka. Abin da za ka duba a ciki: shin mutumin da ke zaune a gabanka yana cikin daraktocin? In ba ya ciki, wa ya ba shi izinin sa hannu? Kada yawan jarin da aka rubuta ya ruɗe ka, lissafin hannayen jari ne a takarda, ba kuɗin da ke kwance a banki ba. Lokacin tura kuɗi kuma ka karanta sunan da ya fito a asusun. Kamfani aka yi ciniki da shi, sunan mutum ya bayyana? Dakata.

Rajistar CAC shaida ce cewa sunan yana nan, ba lasisin yin sana'a ba ce. Masu karɓar kuɗin jama'a da alƙawarin ninka riba sun fi kowa saurin ɗaga satifiket, alhali izinin wannan harkar na SEC ne, hukumar da ke kula da harkar zuba jari da hannayen jari. Na banki daga Babban Bankin Najeriya yake fitowa, na magani da abincin leda ko gwangwani daga NAFDAC, na jigilar alhazai da masu Umara daga NAHCON.

Wasu bayanan kuma ba sa CAC gaba ɗaya, suna hannun jiha. Ƙungiyoyin gama kai a ma'aikatar jiha suke rajista. Fili da gida, tunda dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, sai a ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ka je da lambar fayil da kwafin takardar mallaka, ka biya kuɗin bincike a hukumance, ka riƙe rasit. Za ka ga sunan wa ke kan filin, da ko an jinginar da shi a banki. Shaidar dillali da mai unguwa tana da amfani, amma ba ta maye gurbin wannan.

Idan takardun wata ma'aikata kake so, misali wa aka ba kwangilar titin unguwarku da nawa aka biya, akwai dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. An daɗe ana jayayya kan ko ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikatar, ka ambaci dokar, ka faɗi ainihin takardar, sunan aikin da shekarar. "Duk bayanan kwangiloli" ba buƙata ba ce, hanyar jan ƙafa ka buɗe musu. Ba sai ka faɗi dalilinka ba, kuma kuɗin kwafi kaɗai za a caje ka. Wanda bai iya rubutu ba, wani zai iya nema a madadinsa.

Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya, ka dawo da shi gida. Daga wannan ranar ake ƙirga kwana 7 da doka ta ba su, da ƙarin wasu 7 in takardun suna da yawa. Idan sun ƙi, ko suka yi shiru wa'adi ya wuce, kana da kwana 30 ka shigar da ƙara a babbar kotu, kuma wannan kwafin mai hatimi shi lauyanka zai fara tambaya.