Ga 'yan Sakkwato sababbin zuwa Amurka: baƙin mai da tayoyin tsohuwar mota

Kusan duk ɗan Sakkwaton da ya sauka nan Minnesota, motarsa ta farko tsohuwa ce, Corolla ko Camry ko Accord da ta sha tafiya. Sayenta da yi mata rajista ba abin damuwa ba ne, domin 'yan uwa, Allah Ya saka musu da alheri, ba sa barin baƙo ya je shi kaɗai. Matsalar takan fara ne ranar juye na farko, wato canjin baƙin mai na inji.

A gida, da zarar injin ya tsufa, bakanike zai ce a zuba masa mai kauri, wato 20W-50, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, mota takan jure. A nan kuwa sanyin Janairu yana iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili, inda irin wannan mai yake yin kauri kamar man shanu a hunturu, ya kasa hawa saman injin da wuri, ƙarafa su yi ta gugar juna a bushe. Lambar da ke zuwa kafin harafin W ita ce ke nuna gudun mai cikin sanyi, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon saurinsa. Abin da masu ƙera motar suka tsara, ko 5W-30 ne ko 0W-20, yana cikin littafinta, sau da yawa ma yana rubuce a kan murfin mai. Shi za ka bi. Wani ƙanenmu ya ƙi jin wannan, ya bugo wa bakanikensa na gida waya ya nemi shawara, mutumin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba; da asuba motar ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, ya rasa aikin ranar, ya kuma biya kuɗin jan mota.

Idan motar ta wuce mil 75,000 tana ɗan ɗiga ko tana shan mai, akwai wanda aka rubuta High Mileage a jikin galan ɗinsa, mai sinadaran da ke tausasa robobin injin da suka bushe. Ka riƙa zaro sandar gwajin mai kana dubawa, ka canza filta tare da mai, ka kuma adana rasit. Kafin ka kwanta ƙarƙashin mota a harabar gidan haya, karanta yarjejeniyarka, don masu gidaje da yawa sun hana. Tsohon mai kuma ba a zubar da shi a kwata. Shagunan kayan gyaran mota suna karɓa.

Tayoyi kuma, mutanenmu sukan jira sai ɗaya ta sulɓe sannan su nemi mai faci. A motar da tayoyin gaba ke ja, su ne ke saurin cinyewa, saboda haka duk bayan mil 5,000 zuwa 8,000 ake mayar da na gaba baya kai tsaye, na baya kuma a gicciya su zuwa gaba, sai dai idan tayar tana da kibiya a gefe, to ba ta canza ɓangare. Yawan iskar da ya dace yana kan takardar da ke maƙale a bakin ƙofar direba. Mai sayen taya ta hannu kuma ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.