Ga ɗan'uwan da ya sauka Kano da furfura, bayan ya gama biyan bashi

Cikin 'yan shekarun nan ina yawan karɓar baƙi irina: mutanen Maraɗi, Damagaram, Tasawa, wani lokaci har 'yan zangon Kumasi, waɗanda shekarunsu suka haura hamsin, suka tattaro abin da ya rage musu suka shigo Kano ta Jibiya ko ta Kongolam. Da yawansu labarinsu ɗaya ne. An yi kasuwa ta karye, ko an yi jinya mai tsawo, ko an aurar da 'ya'ya biyu a shekara guda, bashi ya hau kai, an yi shekaru ana biya, yanzu Allah Ya yanke wahala. Saura ƙarfin shekara bakwai ko goma a jiki, kuma ana so a nemi abin tsufa da shi a garin da ba a saba da kuɗinsa ba.

Na san wannan hali daga ciki. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ina da atamfar mutane da na ɗauka bashi don masu saye na wancan ƙetare. Ba a buɗe ba sai Disambar 2020, kuma kafin nan jarina ya narke a haya da cefane. Shekara huɗu da 'yan watanni na yi ina biya. Abin da zan faɗa maka a nan, a wannan makaranta na koyo shi.

Ranar da ka miƙa kuɗin ƙarshe, kada ka tashi sai an kira shaidu biyu an rubuta cewa an gama. Mun san ayar bashi a Suratul Baƙara, ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta ce a rubuta. To gamawar ma a rubuta ta. Kai za ka mutu, mai bin ka zai mutu, magada kuwa takarda suka sani. Idan bashin a gida yake, ka bar kwafi ɗaya a hannun wanda ka yarda da shi can, ka zo da ɗaya.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne kuɗin nan da kake ware wa mai bin ka duk wata. Shekaru ka yi kana rayuwa ba tare da su ba, gidanka ya saba, tukunya ta saba. Da an gama biya sai su zama kamar tsintuwa, kuma cikin wata biyu za su shige cikin miya da katin waya ba ka san inda suka bi ba. Ci gaba da cire su a ranar da ka saba, adadin da ka saba, sai dai yanzu tsohon da za ka zama nan da shekara goma ne yake bin ka. Ni na ɗauke shi tamkar mutumin da zai zo ƙofar shago ya tsaya, don haka ban taɓa ce masa ya dawo wata mai zuwa ba.

To ina za a ajiye su? A nan ne baƙo daga ƙasar sefa ya fi ruɗewa. Ka kai jaka ɗari Wapa, 'yan canji su cika maka hannu da naira, sai ka ji kamar ka yi arziki. Ko kalmar ma ka yi hattara da ita: a wurinmu jaka sefa dubu ce, a bakin dattijon Kano kuwa naira ɗari biyu ce, tun zamanin fam. Daina lissafa farashi da sefa tun makon farko, domin da naira za ka samu, da naira za ka kashe. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, 655.957 a kan yuro ɗaya, ita kuwa naira an sake ta kasuwa ta riƙa yanke farashinta a watan Yunin 2023. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda ya binne naira a ƙarƙashin katifa a wancan lokaci, da idonsa ya ga ta koma rabi.

Shawarata ita ce ka raba. Abin da zai riƙe gida wata uku ya zauna a naira, a banki, inda hannunka zai kai cikin dare idan jinya ta taso. Idan kana gudun kuɗin ruwa, akwai Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, duka suna da rassa a Kano, kuma tun 2024 hukumar NDIC ke lamunce ajiyar mutum har naira miliyan 5 idan banki ya durƙushe. Sauran kuwa, na tsufa, ka bar wani kaso a sefa, wani a dabba a hannun ɗan'uwa mai amana. Idan kana da fansho daga CNSS ta Nijar, kada ka canza shi gaba ɗaya ranar da ya fito, canza na bukatar wata kawai. Ba cewa nake ka zama ɗan canji ba. Naira ma takan farfaɗo, wanda ya mai da ajiyarsa caca a kan farashin gobe zai sha mamaki.

Banki da layin waya duk suna bukatar lambar NIN, kuma baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar yin ta. Ka je da ƙafarka ofishin shige da fice da kuma ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke nan Kano ka gyara takardunka, musamman tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, a ranar 29 ga Janairun 2025. Za a sami wanda zai ce ka kawo kuɗi ya yi maka takardar zama ɗan wata ƙaramar hukuma. Kada ka yarda. Ajiyar tsufanka ce za ka ɗora a kan sunan ƙarya, kuma ranar da magadanka suka zo karɓa, su za su sha wuyar.

Sai gida. A Kano hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai, galibi kashi goma cikin ɗari. Wannan dunƙulallen kuɗi shi ne ƙofar da bashi ya fi dawowa ta ciki, domin wata goma sha ɗaya mutum yana mantawa, a na sha biyu sai ya fara zagaya abokai. Raba kuɗin hayar kashi goma sha biyu tun ranar da ka tare, kana ware kashi ɗaya duk wata, ka ƙara wani abu a kai saboda mai gida zai iya ƙari. Wajen zaɓen unguwa kuma kada arhar ɗaki ta ja ka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta taɓa haura dubu, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta. Idan a kasuwar Kwari ko ta Singa kake nema, ɗaki a Fagge, Kurna ko Rijiyar Lemo da hawa ɗaya zai kai ka ya fi gida mai faɗi a bayan gari da sai ka hau sau biyu ko uku. Kafin ka biya, ka je unguwar da safe ka ga ko 'yan garuwa ne ke shayar da ita, ka tambayi nawa jarka, ka ninka da yawan iyalinka. Ka tambayi maƙwabta wane rukuni kamfanin wutar lantarki na KEDCO ya sa layin, domin a Afrilun 2024 an kai farashin rukunin A naira 225 kowane ma'auni, kuma gida mai mita ya fi gidan da ake kawo wa takardar kintace. Daga nan ka sa wanda ya san ka ya kai ka ka gaida mai unguwa.

Cefane ba sai na koya wa Bahaushe ba. A nan da kwano ake awo, ba tiya ba. Lokacin kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, ka shiga Dawanau ka sayi gero, masara da wake na ci, ka zuba waken a buhun nan mai leda biyu a ciki da muka sani tun a gida, wanda ba ya bukatar magani. Na ci nake nufi. A 2025 hatsi ya sauko, waɗanda suka tara don riba da yawa sun yi kuka. Kayan miya a Yankaba, ku haɗu gida uku ku raba kwando, a shanya abin da za a shanya.

Inda na fi jin tsoro a kanka shi ne wajen mutunci, domin mai furfura ba a abinci yake cin bashi ba, a kunya yake ci. Da an ji ka zauna a Kano, gidanka ya zama masauki. Mai zuwa asibitin Malam Aminu Kano, mai sarin kaya a Kwari, mai jiran jirgin Umara, duk kai za su nema, kuma hakkinsu ne, mu ma an sauke mu. Amma ka sa wa baƙunta kasonta a lissafin wata kamar yadda ka sa wa wuta da ruwa. Tabarma da tuwo ba sa karya mutum. Abin da ke karya shi shi ne "ranta mini in cika kuɗin kaya, da na koma zan aiko". Abin da za ka iya bayarwa kyauta, ba shi, ka ce masa kyauta ce. Abin da ya fi haka, ka ce Malam, yanzu na fito daga bashi, ban da halinsa. Na faɗi wannan magana ga mutanen da nake jin nauyinsu, ta yi mini ɗaci a baki, amma har yau muna zumunci.

Sai biki. Hajiya, wannan sashe da ke nake, domin ke za ki fi jin matsin. Bikin Kano yana da rassa: kamu, wuni, dina, anko kala biyu ko uku, ga kayan ɗaki da gara da ake zuwa gani ana ƙirgawa. Baƙuwa takan ji dole ta nuna cewa su ma ba daga daji suka fito ba. Wallahi na ga gidan da kayan ɗakin 'ya ɗaya ya cinye ajiyar shekara shida, amarya na can tana zaune lafiya, iyaye na nan suna ɓuya wa mai kujeru. Idan akwai 'yar da ta tasa, ku fara saye tun yanzu, tukunya yau, zannuwan gado wata mai zuwa, ku yanke adadin da ba za a wuce ba, ku faɗa wa dangin ango tun wuri. Ku zauna ke da maigida a kan littafi ɗaya. Shekarun da na yi ina ɓoye wa iyalina girman bashina su ne suka fi tsada, domin tana kashewa a kan arzikin da take zaton akwai. Ranar da na buɗe mata littafin, ita ta nuna mini wurare uku da kuɗi ke zurarewa.

Adashi yana da kyau idan kin san uwar adashin da gidanta da mijinta, kuma zubin bai fi ƙarfinki ba. Sai dai a tuna, wadda ta kwasa da farko bashi ta ci, wadda ta kwasa a ƙarshe ita ta yi ajiya. Mai fitowa daga bashi ya nemi layin ƙarshe.

A kasuwa kuma za a yi maka tayin kaya, a ce ɗauki Alhaji, in ka sayar ka kawo. Da haka Kwari take tafiya, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ɗan shekara talatin idan ya faɗi yana da lokacin tashi sau biyu, kai ba ka da shi. Kada ka ɗauki abin da, in ya ƙone ko aka rufe iyaka gobe, ba za ka iya biya daga aljihunka cikin wata uku ba. Manhajojin bashi na waya kuwa, ko sauke su kada ka yi. Suna kwashe lambobin da ke wayarka, in ka yi jinkirin kwana biyu su aika wa surukanka saƙon cewa kai ɓarawo ne. Haka duk wanda ya ce kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari da talatin a wata. MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma masu neman cike giɓin shekarun da bashi ya ci su ne suka fi saurin faɗawa.

Lafiya ma lissafi ce a shekarunmu. Ka riƙa auna hawan jini da suga ko ba ka jin komai, domin maganin wata ya fi kwanciyar mako guda arha nesa ba kusa ba. Ka buɗe kati a asibitin gwamnati mafi kusa da kai tun kana da lafiya, ka kuma je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ka tambayi tsarin da suke da shi na waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba.

Tambayar da ba a son yi ita ce ina za ka zauna ranar da ƙafa ta daina kai ka kasuwa. Haya a Kano ba ta san tsufa ba. Idan nan ka zaɓa, ka yi hattara da filayen awon igiya na bayan gari: ka ga mai unguwa da dagaci, ka bincika a ma'aikatar ƙasa, ka tabbata ba filin gado ba ne da wani magaji bai sa hannu ba. Idan gida za ka koma, fara aza bulo tun kana samu, ko layi biyar ne a shekara. Ni gida na zaɓa. Ɗaki biyu ne da zaure a filin da mahaifinmu ya bari, an kai linta bara, kuma kuɗin kwanon rufi suna nan ina tarawa a ranar biyar ga kowane wata, ranar da a da nake kai wa mai bina. In Allah Ya kai mu bayan kaka za a rufa.