Yadda na shawo kan kumburin hantsa a rumfar shanuna

Shanuna ruwa-biyu ne, Bunaji da Firiziyan, wato shanun madara na Turai. Da damina ta kankama sai hantsa ta riƙa kumbura, madara na fitowa da gudaji. A yi allura ta lafa, can kuma ta dawo. Na zargi dusa, na canza. Na zargi hannun mai tatsa, aka ƙara wanki. Shiru.

Likitan dabbobi ne ya ce in zuba bokitin ruwa a daɓen in tsaya in gani. Ruwan bai tafi ko'ina ba, ya kwanta daidai inda saniya ke ɗora hantsarta. Ashe cikin fitsari da kashi suke kwana.

Na kira birkila ya sake daɓen da gangare, santimita 2 a kowace mita, zuwa kwata a bayansu, ya bar simintin da kaushi don gudun santsi. Wurin kwanciya muka ɗaga shi, muka zuba busasshen yashi mai kaurin santimita 20. Ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a yashi kamar a jiƙaƙƙen ɓuntu. Kowace saniya wurin kwanciyarta faɗin mita 1.2 ne. Bangon ma an fasa samansa iska ta ratsa.

Ana gama tatsa sai a tsoma kan nono cikin ruwan aidin, a zuba abinci nan take, su yi rabin awa a tsaye, domin kafar nonon ba ta rufewa da wuri. Kashi kuwa safe da yamma ake kwashewa.

Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa likita. Har kaka ta shigo ba wadda ta sake kumbura.